Farantan Makka Guda Huɗu

Ni dai ban taɓa sata ba. Abin da na yi shi ne na ɗauki kaya daga ƙofar gida na shigar da su cikin gida, kuma kayan mijina ne, mijin kuwa ya riga mu gidan gaskiya, bai ce kada a taɓa ba. In akwai malamin da zai kira wannan sata, ya zo Anguwan Juma ya tambayi gidan Gwaggo Larai. Ko akuya ya tambaya za ta nuna masa. Babu zauren da ban ratsa ba a unguwar nan, kuma ban taɓa shiga gida na fito babu labari ba. Wasu suna ce mini Gidan Rediyo. A bayan idona suke faɗa, amma ni na fara jin an sa sunan.

Marigayi mai gidana direba ne. Shekara shida yana tuƙa wani Bature ɗan Amurka da ke koyar da aikin gona a Samaru. Da Baturen ya tashi komawa ƙasarsu sai ya bar masa motar, wata shirgegiyar Fontiyak mai ƙofa biyu. Maza suna cewa silinda takwas gare ta. Ni ban san silinda ba. Abin da na sani shi ne in Malam, mai gidan nawa, ya tayar da ita da safe, kaji su watse, tsofaffi su yi salati, jariran unguwa su amsa. Yara suka sa mata Mai Ruri. Fetur kuwa tana shansa kamar raƙumin da ya kwana bakwai bai ga rijiya ba. Hanya ɗaya tak take bi ta fita daga unguwarmu, sauran lungunan duk sun yi mata kaɗan.

Ta tsaya shekara guda kafin Malam ya tsaya. Ya sa aka tura ta ƙarƙashin rumfar ƙofar gida, yana cewa sai an samo wani ƙarfe daga Legas. Ƙarfen bai zo ba, ajali ya zo. A tamanin da ɗaya ke nan. Tayoyi suka sace, awaki suka tare a ƙarƙashinta, kaza ta yi kwanci a kujerar baya.

Bayan shekara uku auren autata Maijidda ya taso, kuma ya taso a mugun lokaci, lokacin da ake bin layi a sayi sabulu da madara. Gidan da za a kai ta kuwa gidan Hajiya Sailuba ne, can wajen Ƙofar Kuyambana. Duk birnin nan an san Hajiya Sailuba da idon kwano. In ta shiga ɗakin amarya ganin jere ba ta magana. Sai ta ɗauki langa ta ƙwanƙwasa da zobenta, ta kara a kunne, ta mayar. In ta ce "Allah ya sa albarka" da sauri, an ci jarrabawa. In ta ja numfashi kafin ta faɗa, uwar amarya ta shiga uku, kuma ni ce mai kai labarin gida-gida. Yanzu ga 'yata za ta auri ɗanta Jibril. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Na haɗa samiru da kwalla da tasoshi daidai ƙarfina, dangi suka yi gudummawa. Amma da na jera su a tsakar ɗakina don gwaji sai na ga jeren ba shi da ido. Babu abin da mace za ta shigo ta tsaya a kansa.

Ina cikin wannan tunani, wata hantsi na fita korar awaki daga ƙarƙashin motar, sai wani bunsuru ya goga jikinsa a ƙafarta ta baya, ya share dauɗar shekara huɗu. Wani haske ya doke ni a ido. Murafen taya ne, zagayayyu, faɗinsu ya kai babban faifai, da ɗan zurfi kamar faranti, da wata jar alama a tsakiya mai kama da bakin mashi. Na duƙa na shafa. Na duba gabas na duba yamma, maza duk sun tafi kasuwa. Na shiga na ɗauko tsohuwar fartanya, na ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya, na rufa musu zane na shige.

Kwana biyu ni da Maijidda muna dirza su da toka da lemun tsami a bayan ɗaki. Da suka fito, wallahi sai ka ƙirga haƙoranka a ciki.

Maijidda ta ce, "Inna, in aka gane fa?"

Na ce, "Wa zai gane? Mazan da suka san mota ba sa shiga uwar ɗakin amarya. Matan da ke shiga kuwa, wace ce a cikinsu ta taɓa duƙawa ta kalli ƙafar mota?"

Angon ma ban ji tsoronsa ba. Mutumin littafi ne, keke da ƙyar yake hawa.

Ina da wani wa, Garba, da ya tafi Makka ta ƙasa tun ina budurwa, bai dawo ba, ko wasiƙa. Shi na ɗora wa alherin. Na ce Yaya Garba ne ya aiko da farantai huɗu ta hannun wani alhaji. Kowane murfi yana da 'yar ƙofa a gefe, inda bakin iskar taya ke leƙowa. Na ce ta ratayewa ce a ƙusa. A bayansa akwai haƙora masu kama ƙarfen taya. Na ce ƙafafu ne, don kada faranti mai daraja ya taɓa ƙasa.

Ranar ganin ɗaki Hajiya Sailuba ta wuce samiru ko kallo, ta tsaya gaban farantan. Ta sauke ɗaya, ta jinjina a tafin hannu, ta ƙwanƙwasa da zobe. Ƙarar ta daɗe tana yawo a ɗakin. Tun kafin ƙarar ta mutu Hajiya ta ce, "Allah ya sa albarka." Ni kuwa na sunkuyar da kai irin na mai kunyar yabo.

Daga nan farantan suka yi suna. Duk bikin da za a yi daga Kuyambana har Kwarbai sai an zo aronsu, a zuba wa mata cincin da goro a cikin gida. Ta hannun Hajiya ake aron, don ba a yi shekara ba ta kwashe biyu ta kai ɗakinta, wai a can za su fi samun kula. Da ɗana Isma'ila ya dawo hutu daga makaranta ya tambayi murafen motar, na ce ɓarayi. Har na nuna masa lungun da nake zaton sun bi.

Shekara tara ina barcina lafiya. Sai aka yi wa Isma'ila canjin wurin aiki ya dawo Zariya. Wata Asabar ya tsaya gaban motar nan hannu a ƙugu, ya ce zai tashe ta.

Na ce, "Ka tashi matacce? Ka nemi Fijo mana kamar 'ya'yan mutane."

Ya ce, "Inna, ba mota nake so ba. Motar Baba nake so, yadda ta fito daga kamfani."

Ya je Gyallesu ya ɗauko Bahago, tsohon bakaniken da ke duba ta tun zamanin Bature. Bahago abokin Malam ne, don haka tsakanina da shi babu kunya sai tsiya. Ya tsufa, ido ɗaya ya yi yana, amma hannun hagun nan nasa ya fi idon wasu gani. Kullum da hantsi zai zo ya shimfiɗa buhu a ƙarƙashin rumfa, ni kuma in fito da ƙuli-ƙulina bakin zaure, wai ciniki.

A aljihun gaban motar suka tsinci littafinta, ɓera ya ci gefe. Littafin nan ya zama musu alƙali. Duk ƙarfen da suka kwance, sai Bahago ya wanke shi da kananzir ya lalubo lambar da aka buga a jikinsa, Isma'ila ya duba littafi. In lamba ta yi daidai, a nannaɗe shi a jarida kamar jariri. In ba ta yi ba, a jefa a kwali. A haka suka gane kafireton da ke ciki ba nata ba ne, na wata mota ne aka dasa. Bahago ya sosa ƙeya ya ce shi ya dasa da hannunsa shekara ashirin da suka wuce, na asalin yana can garejinsa ana tokare ƙofa da shi. Fenti kuwa, Malam ya taɓa shafe ta da shuɗi. Bahago ya ɗaga robar bakin ƙofa, inda rana ba ta taɓa leƙawa ba, ya nuna wa Isma'ila launinta na haihuwa, ja mai duhu kamar zoɓo ya jiƙu. Ko noti bai tsira ba. Wai na kamfani yana da alama a ka, na kasuwa kuwa kansa sumul kamar an yi masa aski.

Wajen shekara suka yi a kan wannan aiki, ni kuwa nishaɗi ya same ni, ina kwasa ina kai wa matan unguwa yadda ɗana mai digiri ke shinshinar ƙarfe. Har ranar da injin ya yi tari sau biyu ya kama ruri, kaji suka tuna da. Isma'ila ya kashe, ya fito yana murmushi.

Ya ce, "Inna, in Allah ya so, ranar sunan Maijidda a cikinta zan kai ki, har ƙofar gidan Hajiya." Lokacin Maijidda na da tsohon ciki, na huɗu. Ya ƙara da cewa, "Murafen taya kawai suka rage. Na sa a nemo mini irinsu a Legas."

Na hango motar tsaye a ƙofar gidan Hajiya Sailuba, mata na shiga suna fita, ga farantan Makka a ciki ɗauke da cincin, ga 'yan'uwansu huɗu a waje sun taka kashin shanu. Mace ɗaya mai ido ta isa. Na san yadda labari ke tafiya a garin nan, ni na share masa hanya.

Bayan mako uku kwali ya iso daga Legas. Isma'ila ya buɗe a ƙarƙashin rumfa. Ga su nan huɗu suna walƙiya, da jar alamar, har da 'yar ƙofar. Kamar an tsaga kara. Na ce a raina, Larai, yau asirinki ya kama hanyar kasuwa.

Bahago ya ɗauki ɗaya ya jinjina a hagunsa. Ya ƙwanƙwasa da sifana. Ƙarar ta ce kwas, ta mutu nan take. Ya juya bayan ya shafa, sannan ya sa farce a jar alamar, sai ga gefenta ya ɗago.

Ya ce, "Ɗan Taiwan ne. Gwangwani aka shafa wa ruwan azurfa. Damina ɗaya ya yi tsatsa."

Isma'ila ya zauna a kan bamba ya yi tagumi. Can ya ce, "Baba Bahago, ko mu sa su haka nan? Daga nesa wa zai sani?"

Nan na ga ƙofa. In ya ƙi jabu, na asali kuwa ba zai taɓa samu ba, motar za ta fita ƙafa tsirara, ni kuma in mutu da mutuncina. Na ture ƙuli-ƙuli gefe na miƙe.

Na ce, "Wa zai sani? Kai za ka sani. Shekara guda kana yi wa noti wankan jego da kananzir, sannan ka ƙare da gwangwani? Motar ubanka ce fa. Gara ta fita ba takalmi da ta fita da na aro."

Bahago ya ce, "Yau kuma a Gidan Rediyo wa'azi ake?"

"Kai dai riƙe sifanarka. Ni na zauna da motar nan, ba kai ba."

Da a nan na tsaya, da yanzu ba ni da labarin ba ku. Amma ni in na ga maza biyu sun yi shiru suna saurarona, sai in ji kamar an zuba wa wuta mai. Na karɓe murfin daga hannun Bahago na juya shi.

Na ce, "Dubi nan. Na asali jar alamar a cikin ƙarfen take, ba liƙa ta aka yi ba, ko da toka ka dirza ba ta tashi. A baya kusa da ƙofar nan akwai lamba, da tara take farawa. Haƙoransa sun fi waɗannan kauri, in ka ajiye shi a ƙasa ba ya rawa. Ga kuma zurfi. Wannan ko goro saba'in ba zai ɗauka ba. Na asali ƙwarya guda yake ci cif, goro ɗari, ko ɗaya ba ya gangarowa."

Wata akuya ta yi atishawa.

Bahago ya karkato da idonsa mai gani. Ya ce, "Larai, fiye da shekara goma ina cire murfin nan ina mayarwa, ban taɓa sanin goro nawa yake ci ba."

Na ce, "Ƙiyasi ne."

"Tokar ma ƙiyasi ce?"

Na ce bari in duba tukunya. Ban ɗora komai ba.

Isma'ila ya biyo ni har ɗaki. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya tsuguna bakin ƙofa ya ce, "Inna, farantan Kawu Garba da ake ta magana, ni ban taɓa ganinsu ba. Guda nawa ne?"

"Ban ƙirga ba."

"Huɗu ne?"

Na kama gyaran ɗankwali.

Sannan ya ce, "Duk Juma'a kafin masallaci Baba yakan miƙo mini tsumma in goge su. Su kaɗai yake bari in taɓa a motar nan." Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa. "Zan sami Malam Jibril a zaurensa in yi masa bayani. Mutum ne mai fahimta."

A zaure. Inda abokan karatunsa ke cika, kowanne da mata a gida.

Na ce, "Kada ka kuskura. Ba ni kwana biyu."

Washegari da hantsi na ɗaure 'yan Taiwan ɗin nan huɗu a zane na kama hanyar Kuyambana. Dabarata ita ce in yi musanya, in ba Isma'ila na asali ya rufe baki, ranar suna kuma in roƙe shi ya ajiye motar can nesa. Dabarar ba ta da kai sosai, na sani, amma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Na fara leƙa Maijidda. Da ta ji abin da ke tafe da ni ta dafe cikinta ta ce, "Inna, ni ba ruwana. Biyu suna ɗakin Hajiya, biyun nan ma kullum sai ta leƙo ta gaishe su kafin ta gaishe ni."

Na wuce ɗakin Hajiya. Ta shimfiɗa mini darduma, muka gaisa irin gaisuwar surukai, kun tashi lafiya, ina gajiyarku, yaya mutan gidan, har muka ƙare mutane muka koma kan awaki. Sannan na kwance ɗaurin.

Na ce, "Yaya Garba ne ya sake aike. Sabon yayi. Na ce bari in kawo muku sababbi in karɓi tsofaffin, in rage muku wahalar gogewa."

Hajiya ta ce, "Allah sarki. Ashe yana raye."

Ta ɗauki ɗaya. Tun kafin ta ƙwanƙwasa na ga hannunta ya raina nauyin. Ta sa zobe. Kwas. Ta ja numfashi, irin jan numfashin da na sha kai labarinsa gidaje.

Ta ce, "Innar Maijidda, an cuci yayanku. Wannan ko Kano bai taɓa zuwa ba, balle Makka." Ta miƙa hannu ta sauko da na asali daga cikin jerenta, ta ƙwanƙwasa, ta bar ƙarar ta gama yawonta. "Kun ji? Wannan shi ne ƙarfen ƙasa mai tsarki."

Na kalli ƙarfen ƙasa mai tsarki. Na tuna ranar da ya bi ta kan mushen kare a hanyar Kufena, Malam ya dawo yana wanke shi da tsumma a bakin sanda. Dariya da kuka suka taso mini tare, na rasa wanda zan ba hanya.

Na ce, "Hajiya, a saki asabari."

Ta dube ni, ta tashi da kanta ta saki.

Na faɗa mata. Ban taɓa ba da labari da muni irin na ran nan ba, babu gishiri, babu kwaikwayon murya, babu tsayawa a ja rai. Tun daga bunsuru har kwalin Legas. Na ce motar za ta zo ranar suna, kuma ko ni in karɓa yau ko Isma'ila ya biyo ta zaure gobe. Mushen karen ne kawai na riƙe, don na ga ba ranarsa ba ce.

Hajiya ta daɗe tana juya farantin a cinyarta. Ta sa ɗan yatsa a 'yar ƙofar.

"Wannan ta mece ce?"

"Ta nan ake ba taya iska."

"Ƙafafun fa?"

"Da su yake kama ƙarfen."

Ta ajiye shi a hankali. Ta ce, "Larai." Ba ta taɓa kiran sunana ba sai ran nan. "Shekarar da na sauke farali, da na dawo mata suka cika ɗakin nan. Wata ta tambaye ni ko na ga irin farantan Maijidda a can. Kin san abin da na ce?"

Na girgiza kai.

"Na ce na gan su jibge a wani kanti. Na ce har na taya, mai kantin ya ce irin na da sun ƙare, na yanzu ba su kai su ba." Ta rufe ido. "Mata sun fi talatin. Da sabon haƙorin Makka a bakina na faɗa."

Wallahi da a kan wata na ji wannan labari, da sai na tsaya gida biyar kafin in kai gida. Na ji shi yana motsi a cikina kamar ɗan tayi. Na danne.

Na ce, "To yanzu yaya za mu yi?"

"Mu? Ke kika haƙa ramin."

"Ni na haƙa, amma kin shigo kin shimfiɗa tabarma."

Ta harare ni, sai kuma kafaɗunta suka fara rawa. Muka yi dariya marar sauti irin ta gidan makoki, har ta share hawaye da bakin mayafi.

Ta ce, "Ɗan naki ba zai haƙura ba?"

"Ubansa ya biyo."

"To a ba shi. Amma ba murfin mota za mu ba shi ba, farantan Makka za mu ba shi."

Na ce ban gane ba.

Ta ce, "Ke da ake ce wa Gidan Rediyo. Yaro ya nemi murfin motar ubansa har Legas, aka aiko masa da jabu. Ya shiga damuwa, ya daina cin abinci. Ni kuma na ji tausayin maraya, na ce ga farantai nan faɗinsu ɗaya da taya, a kai wa bakanike ya gyara su yadda za su zauna. Wa zai ce ba haka aka yi ba?"

Na kalli matar nan. Shekara goma ina mata kallon mai idon kwano kawai, ashe gwanar sana'ata ce ba ta buɗe shago ba.

Na ce, "Ke kika ji tausayin? Ai kayan 'yata ne."

"Ni na ji tausayin. Ladana ke nan. Gwangwanayen nan kuma ki kwashe su, kada a gan su a gidana."

Na koma gida da takwas a kai, wuyana ya yi kwana biyu bai juya ba. Bahago ya ƙwanƙwasa na asalin ɗaya bayan ɗaya, ya juya ya shafa lamba, Isma'ila ya karanta daga littafi, ta yi daidai har ƙarshe. Bahago ya shinshina ya ce suna ƙanshin man gyaɗa. Isma'ila ya sa su da tafin hannu, kowanne ya ce ƙas ya zauna, ya ja da baya ya daɗe yana kallo.

Ni kuma na fita aiki. Kwana uku labarin ya zagaye birni ya dawo mini ta bakin mai kitso, da ƙarin cewa Isma'ila har suma ya yi. Ban taɓa aiki mai kyau irin wannan ba. Shi dai bai ji ba, maza ba sa jin labari sai ya tsufa.

Maijidda ta sauka lafiya, mace. Ranar suna da la'asar Isma'ila ya buɗe mini doguwar ƙofar nan na zauna a gaba kamar matar gwamna. Muka bi hanyar nan ɗaya tak, Mai Ruri na ruri, mutane na mannewa da bango. Muna tsayawa ƙofar gidan Hajiya, matan da ke shiga suka ja birki.

"Ga su can. Allah sarki, farantan Maijidda."

Wata tsohuwa, Jummai, ƙanwar Hajiya, ta dogaro sandarta har bakin taga. Ta ce, "Isma'ila, ka ji tsoron Allah. Kayan ɗakin ƙanwarka, daga ƙasa mai tsarki, ka liƙa a ƙafar mota tana shiga kwata da su?"

Isma'ila ya juyo ya dube ni. Ni kuwa na sami wani abu mai muhimmanci ina kallo a bakin zanena.

Ya fita. Maza suka kewaye motar. A cikinsu akwai Alhaji Lawal mai motocin haya, wanda aka ce ko a waya ya ji kukan inji zai faɗi ciwonsa. Ya sa aka buɗe boneti. Ya tambayi kafireto, Isma'ila ya ce nata ne. Fenti fa? Launinta na kamfani. Fitilu, sitiyari, har notin batir, duk Isma'ila na amsawa fuskarsa na haske. Sannan Alhaji ya zagayo ɓangarena ya duƙa gaban taya.

Ya ce, "Sai dai murafen nan. Iyalina sun ce faranti ne aka gyara. Kash. Da ka samu na asali da aikin ya cika. Amma bakanikenka gwani ne, ka ce na gaske."

Littafin yana nan a aljihun gaba, daidai gwiwata. Isma'ila ya zuro hannu ta taga, har ya taɓa murfin aljihun. Ya dube ni. Ya ɗaga kai, ga Hajiya Sailuba can cikin zaure ta leƙo da rabin fuska. Hannun ya daɗe a wurin. Sannan ya janye shi ya sa a aljihun rigarsa.

Ya ce, "Haka ne, Alhaji. Abin da ya samu ke nan."

Ya buɗe mini ƙofa, ya riƙe mini hannu. Ƙasa-ƙasa, yadda ni kaɗai zan ji, ya ce, "Inna, sauko a hankali, kada ki taka wa Kawu Garba faranti."

Na sauko a hankali. A cikin gida mata suka matsa mini wuri a tabarma, kowa na so ya ji daga bakin uwa yadda aka yi yaron ya daina cin abinci. Na ce a ba ni ruwa tukuna. Na sha, na daɗe ina sha. Sannan na ba su.